Maigidana ya bar cin nama, surukata ta ce miyata lami ce

Assalamu alaikum, Anti. Ni matar aure ce a Kano, ina da 'ya'ya huɗu, babbarsu shekararta 11, ƙaraminsu kuma bai jima da yaye ba. Wata uku ke nan da likita ya tabbatar wa maigidana da hawan jini, ya ce ya rage jan nama da gishiri da maiƙo. Shi kuwa da ya tashi sai ya ce ya bar nama gaba ɗaya, har kaza da kifi. Gaskiyar magana, ko ba don likita ba, kuɗin cefanen da yake ba ni ya daina kai wa ga mahauci tun da kaya suka yi tsada, kuma ba ni da halin ɗora tukunya biyu kullum. Yanzu yara sun fara ture kwano, surukata kuma da take zuwa mana duk Juma'a ta ɗanɗana miyata ta ce lami ce, ta ƙara da cewa tuwon girma miyarsa nama. Ina jin kunya, ina kuma tsoron kada yarana su rame. Me zan riƙa dafawa?

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata. Allah ya ba maigidanki lafiya, ya buɗa masa ƙofofin samu, ya kuma saka miki da alheri a kan wannan ɗawainiya.

Zan fara da abin da ya fi tsorata ki, wato lafiyar yara, domin shi ne ya fi sauƙin amsawa. Ki tuna cewa a gidajen kakanninmu, musamman a karkara, nama abin ranar kasuwa ne, ko suna, ko Sallah, amma da tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, da wake, da gyaɗa, da nono aka raini mutanen da suke wuni a gona da fartanya. Kina zaune a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya noman irin waken da muke ci, Jamhuriyar Nijar ce take bi mata, kuma kasuwar Dawanau da ake lodin buhunansa zuwa kudu da ƙasashen maƙwabta tana nan a garinku. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen wake sinadarin gina jiki ne, gyaɗa ma haka, waken suya kuwa ya haura kashi ɗaya cikin uku. Abin da ya ƙara wa lamarin kyau shi ne, abin da hatsi ya gaza a kansa ta fuskar gina jiki wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kansa kuma hatsi yana cikewa, saboda haka duk ranar da kika haɗa shinkafa da wake, ko tuwon masara da miyar wake, ko kunu da ƙosai, kin ba yaranki abin da jikinsu yake nema a nama ta wannan fanni. Iyayenmu ba su san sunayen waɗannan sinadarai ba, amma sun daɗe suna haɗa abincin a haka.

Sai dai akwai iyaka, kuma ba zan ɓoye miki ita ba. Akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ba sa yi sai da shi, kuma ba a samunsa a ganye ko wake ko hatsi, sai a nama da kifi da ƙwai da nono. Masu barin duk abin da ya fito daga dabba, irin waɗanda ake samu da yawa a Turai da Amurka, ƙwayar wannan bitamin suke sha don cike giɓin. Don haka hukuncin da maigida ya yanke wa kansa bai kamata ya hau kan yara ba, balle wanda aka yaye kwanan nan. Ki riƙa ba su nono ko kindirmo, da dafaffen ƙwai gwargwadon hali, in kuma an samu ɗan busasshen kifi a daka musu a miya. Cikin ƙaramin yaro ba ya ɗaukar abinci mai yawa, saboda haka kununsa ya kasance mai kauri, a dama shi da markaɗaɗɗiyar gyaɗa ko garin waken suya da aka soya, a ɗiga masa ɗan mai. Idan kika ga ƙafarsa ko fuskarsa tana kumbura, ko gashinsa ya canza launi yana kakkaryewa, ko nauyinsa ya tsaya, wannan maganar asibiti ce, kada ki tsaya gyaran miya. Shi ma maigida, tunda ragewa likita ya ce, ya kamata ya faɗa masa a zuwa na gaba cewa ya bar naman gaba ɗaya, ya ci gaba da shan maganinsa kamar yadda aka tsara, musamman ma idan an taɓa yi masa maganar ƙoda, domin mai ciwon ƙoda yana da ƙa'idarsa ta daban a kan wake da ganye.

Yanzu mu zo kan tukunya, inda nake ganin ainihin matsalar take. Surukarki ba ta yi ƙarya ba idan ta ce miyar lami ce, kuma yara ba sa ture kwano don ƙeta. Abin da nake zato shi ne, miyar da kika saba yi da nama ita kika ci gaba da yi, sai dai kin cire naman, kin zuba ruwan famfo a gurbin romo. Ni ma na taɓa yin haka a wata shekara da albashin maigidana ya yi wata da watanni bai fito ba, na kuma sha kallon da yara suke yi wa kwano kafin su ɗago su kalle ni. Nama aiki uku yake yi a miya: yana ba ta romo mai zurfin ɗanɗano, yana ba ta maiƙo, yana kuma ba haƙori abin taunawa. Idan kika cire shi, wajibi ne ki samo wa kowane ɗaya daga cikin ukun nan magaji, kuma dukkansu suna nan a kasuwar unguwarku.

Magajin romo shi ne daddawa da albasa. Matan yanzu da yawa sun raina daddawa saboda warinta, sun koma ga dunƙule, alhali kalwar da aka dafa aka rufe ta kwana biyu zuwa uku har ta ruɓa tana fitar da irin ɗanɗanon nan mai kama harshe da ake nema a romon nama, ga shi kuma ita kanta 'yar gidan su wake ce, tana gina jiki. Warin da ake gudu yana tafiya idan aka daka ta da citta da masoro da tafarnuwa da ɗan kanumfari, aka kuma sa ta da wuri ta dahu sosai, ba a barbaɗa ta a ƙarshe ba. Albasa kuwa sirrinta haƙuri ne.

Bari in nuna miki da miyar taushe, domin ita ce miyar da na ga ta fi jure rashin nama. Ki fere kabewa ki yanka, ki dafa ta da ruwa daidai har ta yi laushi, ki tsame ki murƙushe ta, amma kada ki zubar da ruwan, shi ne romonki na yau. A wata tukunya ki zuba man gyaɗa cokali biyu ko uku, ki yanka manyan albasa biyu siri-siri ki zuba, ki rage wuta. A nan ne yawancinmu muke gaggawa, da albasa ta yi laushi sai mu juye jajjage. Ki bar ta, kina juyawa jefi-jefi, har ta ragu ta koma ruwan ƙasa, ƙamshinta ya canza ya koma mai zaƙi, abin da zai ɗauke ki kamar minti goma sha biyar. Sannan ki zuba jajjagen tumatir da tattasai da attaruhu, ki bar shi ya soyu har tsamin ya fita mai ya taso, ki kawo dakakkiyar daddawarki da kayan ƙamshi ki zuba, ki juya su tare na ɗan lokaci kafin ruwa ya shiga. Daga nan sai kabewa da ruwanta, sai markaɗaɗɗiyar gyaɗa kamar rabin gwangwani da kika dama da ruwan ɗumi don kada ta yi gudaji. Gyaɗar ita ce magajin maiƙo, ita take ba miya jiki da santsi. Idan kina da dafaffen waken da ya rage daga jiya, ki watsa ludayi ɗaya, ya zama abin taunawa. Alayyahu da 'yar yakuwa da lawashi su ne na ƙarshe, minti biyar ya ishe su, ki sauke tun suna kore. Ki kai wannan da tuwon shinkafa ko waina, ki zuba ido ki ga ko za a ture kwano.

Akwai tarkon da nake so ki kiyaye, domin na ga mata da yawa sun faɗa cikinsa da kyakkyawar niyya. Idan miya ta rasa nama, hannu yakan tafi ga dunƙule, mai sa biyu ta koma sa biyar. Mafi yawan abin da yake cikin dunƙule gishiri ne, kuma ga mai hawan jini gishirin ya fi yankan nama ɗaya haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma wannan lissafi ya haɗa da na cikin burodi da yaji da dunƙule, ba wanda aka barbaɗa da hannu kaɗai ba. Kanwa ma 'yar uwar gishiri ce a wannan fanni, domin sinadarin da yake tayar da jini a gishiri yana cikinta, shi ya sa likitoci suka daɗe suna jan kunnen masu jego a kan kunun kanwa. Wannan ya shafi ɗanwake kai tsaye, tunda ba ya yi sai da kanwa, ga mai da yaji mai gishiri a kai. Ban ce ki daina yi wa yara ba, abinci ne mai araha mai riƙe ciki, amma ga maigida ya zama na jefi-jefi, da yankakken kabeji da tumatir da albasa masu yawa, da yajin da kika daka da kanki. Idan kika ji miya ba ta tashi ba, kafin ki ƙara gishiri ki gwada tsami: matsin lemon tsami, ko yakuwa, ko ɗan ruwan tsamiya. Sau da yawa abin da harshe yake nema ke nan. Tsamin yana da wani amfani kuma, domin lemon tsami da ɗanyen tumatir suna taimaka wa jiki ya tsotsi sinadarin ƙara jini da yake cikin wake da ganye, shayi kuwa yana hana shi, saboda haka a bar tazara tsakanin cin wake da shan shayi.

Wake da kansa yana da ƙorafi biyu da ake yi a kansa, cin wuta da kumbura ciki, kuma maganinsu ɗaya ne. Ki tsince shi ki jiƙa tun da daddare, da safe ki zubar da ruwan jiƙon ki ɗora da sabon ruwa. Zai dahu da wuri ba tare da kanwa ba, gawayi ko gas ɗinki ya huta, kuma wani kaso na abin da yake haddasa iska ya tafi da ruwan da kika zubar. Cikin da bai saba ba yakan yi ƙugi a makon farko da na biyu, daga baya ya daidaita, don haka a fara da kaɗan. Ki riƙa dafa mai yawa a ɗora ɗaya: rabi ya shiga garau-garau da rana, sauran ya jira miyar dare ko faten gobe. Miyar wake kuwa, wadda ake surfa waken a cire ɓawo a dafa shi har ya narke a burge shi da maburgi, da manja kaɗan da daddawa, tana daga cikin miyar da ba a cika lura babu nama a ciki ba, saboda kaurinta. Tsakanin ƙosai da alala, alala ce ta maigida, tunda turara ta ake yi ba ta shan mai.

Abin taunawa na gaske, wanda yara za su riƙa tono a miya kamar yadda suke tonon nama, shi ne awara. Sayenta a bakin titi kullum kuɗi ne, ga ta ta sha mai, amma kwanon waken suya ɗaya yana ba da awarar da za ta wadaci gida. A jiƙa shi ya kwana, a wanke a kai inji, a ƙara ruwa a tace da ƙyalle mai tsabta, a ɗora madarar a wuta ana lura da ita domin tana tasowa farat ɗaya ta zube. Idan ta tafaso sai a riƙa zuba ruwan tsami kaɗan-kaɗan, irin wanda ake tsiyaya daga kan gasarar koko, ba a juyawa da ƙarfi, har a ga ta dunƙule ta taso sama, ruwan da yake ƙasa ya koma tsararo. Karon farko da na yi, na juye ruwan tsamin gaba ɗaya saboda rashin haƙuri, ta fito da tauri da tsami, sai kaji ne suka ci riba. A kwashe cikin ƙyalle, a cuɗa da jajjagen albasa da attaruhu, a ɗaure a danne da dutse ko turmi har ruwan ya tsane, sannan a yanka. Ta yara ki soya yadda aka saba. Ta maigida ki shafa wa kasko mai kaɗan ki gasa ta har gefe-gefen su yi ja, ki jefa a miyar tumatir ko ta gyaɗa minti goma kafin saukewa, ta tsotsi miyar. Dusar da ta rage a ƙyalle ma ba ta zubarwa ba ce, ana iya cuɗa ta a ƙullin ƙosai ko a ba dabbobi.

Sauran kwanakin mako ba za su gagare ki ba, domin girkinmu cike yake da abincin da tun asali ba a gina shi a kan nama ba. Dambun tsaki ko na shinkafa da zogale da gyaɗa, faten tsaki da rama ko yakuwa da wake a ciki, kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli, dafaffiyar gujiya, tubani, faten dankali da alayyahu, miyar kuka da ta kuɓewa da ta karkashi, duk babu wanda mahauci yake da hannu a cikinsa sai in an ga dama. Har a Ghana, shinkafa da waken da ake sayarwa da safe a Accra da Kumasi da Tamale sunanta daga kalmarmu ta wake ya samo asali, kuma ba a ɗauke ta abincin kunya ba. Ni dai a ganina kwaɗon zogale ya fi salat ɗin da ake lafta wa mayonis a gidajen biki, amma wannan ra'ayina ne.

Ta fuskar kuɗi, ribar tana ga sayen abu a lokacinsa. Wake da gyaɗa da waken suya sun fi araha da kaka, daga wajen Oktoba zuwa Disamba, don haka idan maigida zai iya haɗa kuɗin da a da yake tafiya ga nama ya sayi kwanuka da dama a lokacin, kin huta da awon gwangwani. Ki shanya waken ya bushe ƙarau, ki ɗura a jarka mai tsabta har baki, ki toshe yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwari za su mutu da kansu. Kada ki yarda a zuba maganin ƙwari a abin da za ku ci. Yawan wannan magani ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015, kuma idan kika buɗe wake a kasuwa kika ji yana warin magani, ki bar shi ko da ya fi araha. Gyaɗa kuma ki tsince duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane, domin tana ɗauke da dafin da yake lahanta hanta, wanda suya ba ta kashe shi. Farashin tumatir da tattasai yana faɗuwa da rani idan kayan lambun Kadawa da makamantansu suka cika kasuwar Yankaba, sai ki yanka ki shanya ki adana saboda damina. Zogale da yakuwa da rama kuwa a inuwa ake shanya su don kada su dushe. In kina da ɗan fili a tsakar gida, ko da buhun siminti ne a cika da ƙasa da taki, alayyahu yana isa yanka cikin wata guda ko ɗan fiye.

Saura Hajiya, surukarki. Kada ki mayar mata da magana, kada kuma ki tsaya yi mata bayanin sinadarai, domin ba a kan miya kaɗai take magana ba. Uwa ce da take ganin ɗanta ya canza, tana tsoron ko ba a kula da shi. Bayanin abin da likita ya faɗa, da cewa shi ne ya zaɓi barin naman, aikin maigida ne, ya yi mata shi da bakinsa ba a gabanki ba. Naki aikin shi ne ki roƙe ta ta koya miki yadda ake miya a zamaninsu. Ina da yaƙinin ta san daka daddawa da kaɗa kuka fiye da ni da ke, kuma tsohuwar da aka tambaya yadda ake abu ba ta cika kushe shi idan an kawo mata ba. Game da tukunya biyu kuma, ba ki buƙatarsu. Ki yi miya ɗaya da gishiri kaɗan, ki ɗebe ta maigida a kwanonsa, sannan ki gyara ta sauran gida yadda suka saba. Ranar Juma'a, idan hali ya yi, ki aika a sayo ɗan nama ko busasshen kifi na daidai aljihu, ki dafa shi daban a ƙaramar tukunya, ki juye shi da romonsa bayan kin ɗebe ta maigida, yanka biyu a kwanon Hajiya, sauran a raba wa yara. Wannan Juma'ar ki fara da taushen nan, ki kuma sa a sayo daddawar tun ranar Laraba don ki samu lokacin daka ta.